Sunan 'Yar Fari a Gaban Kyamara

Malam Iliyasu bai taɓa mafarkin zama ɗan fim ba. Shi abin da ya haɗa shi da fim bai wuce tsaki ba, wanda yake ja duk lokacin da 'ya'yansa suka kunna wani a falo ya ga an fito da uba Musulmi. Nan take zai ajiye kofin shayi ya fara sharhin da ba wanda ya roƙe shi: ga gemun ƙarya an liƙa wa mutum, ga shi yana zare ido yana daka wa 'yarsa tsawa don ta kula ɗan Bature, ga sallar da suka sa shi yi ba tsari ba natsuwa. "Wannan a wane gari ake samun irinsa?" zai ce. Yaran su roƙe shi da Turanci ya bari su ji, shi kuma ya ƙi bari.

To, bakin nan nasa ne ya ja masa. 'Yarsa ta fari, Salwa, tana karatun shirya fim a jami'a a nan Greensboro ta Amurka, kuma kafin a sallame su dole kowa ya shirya gajeren fim nasa. Wata Juma'a da yamma ya dawo daga shagon tayar da yake aiki a titin Gate City Boulevard, hannunsa ko sabulu bai gani ba, ta tare shi a ƙofar kicin. Ta ce tunda kullum yana cewa Turawa ba su iya nuna uban Musulmi ba, ga dama ta samu, ya zo ya nuna musu yadda ake yi.

"Labarin mene ne?" ya tambaya.

"Wata yarinya ce Bahaushiya, babanta yana gyaran taya."

"To."

"Sai ta haɗu da wani yaro Bature daga Pleasant Garden, babansa yana gyaran famfo. Suna son juna."

Malam Iliyasu ya dube ta ta saman tabarau. "Wa zai fito a yarinyar?"

"Ni."

"Yaron fa?"

"Eli. Ajinmu ɗaya. Babansa ma zai fito, a gidansu za mu yi shutin."

Ya murza baƙin man da ke yatsunsa. Can ya leƙa kicin inda matarsa Bebi take yanka albasa, ya ce, "Maman Muzammil, wannan abin fim ne, ko sanarwa ake yi mini a fakaice?"

Bebi ta fashe da dariya har wuƙar ta kusa faɗuwa. Salwa ta dafe kai ta ce, "Haba Abba! Eli yana da budurwarsa a Raleigh, har an sa musu rana."

"Allah ya sanya alheri," in ji Malam Iliyasu, kuma bai taɓa yi wa auren wanda bai sani ba addu'a da zuciya ɗaya irin ta ranar ba.

Da hankalinsa ya kwanta sai ya fara jin daɗin abin. Ya zauna ya harɗe ƙafa, ya tambaya ko da babbar riga zai fito. Salwa ta ce a'a, da rigar aikinsa, kuma aikin ba shi da yawa. Zai iso da mota, ya fito, ya tsaya a gaban gidan su Eli, ya faɗi layi ɗaya tak: "Salwa, zo mu tafi gida."

Ƙafar da ya harɗe ta sauko ƙasa da kanta.

Ga inda gizo yake saƙa. Tun da aka haifi yarinyar nan Malam Iliyasu bai taɓa kiran sunanta ba. 'Yar fari ce, kuma a Ƙaraye inda ya taso, mutum mai kunya ba ya ambatar sunan ɗansa na fari, ba ya yi masa wasa a gaban mutane, ba ya yabonsa. Mahaifinsa ya rayu ya rasu bai taɓa furta sunan babban yayan su Malam Iliyasu ba, kuma duk gari an san babu wanda tsohon yake ji da shi kamarsa. Malam Iliyasu ya baro abubuwa da yawa a gida da zai zo Amurka, amma wannan ya taho da shi. Idan yana son ta, sai ya ce "ke". Idan yana maganarta, "yarinyar nan" ce, ko "yayar Muzammil", wato ya rataya ta a wuyan ƙaninta. A wayarsa "Yaya" ya rubuta. Ita kanta Bebi, da ya kamata a ce Maman Salwa ce, ya tsallake ya mai da ta Maman Muzammil.

Bebi kuwa, wadda a ƙa'ida kunyarta ya kamata ta fi tasa, tuni ta sauke wannan kayan. Ta ce tun ranar da yarinyar tana 'yar ƙarama ta fizge hannu a wajen ajiye motocin wani kanti ta sheƙa ta nufi titi, ita kuma ta kwaɗa mata kira da sunanta har Turawa suka waiwayo, ba ta ƙara waiwayar kunyar nan ba.

"A canza wa yarinyar fim ɗin suna mana," in ji Malam Iliyasu cikin lallashi. "Ga Rahina, ga Ibtissam. Sunaye sun ƙare ne?"

"Sunanta Salwa," in ji Salwa. Ba ta yi murmushi ba.

Ya lura da haka, amma ya ɗauka taurin kan daraktoci ne, don ya ji ana cewa duk haka suke. Kuma ya riga ya cika baki a gaban iyalinsa shekara da shekaru, ba halin ja da baya. Ya ce shi ke nan, ai kalma ɗaya ce, ba dutse aka ce ya ɗauka ba.

Duk satin nan ya yi ta gwaji. A mota ya gwada, gilashi a rufe, ba kowa. A shago ya gwada, ya jira sai an kunna injin kwance noti, ƙara ta cika ko'ina yadda ko shi ba zai ji kansa ba. Sunan zai taso lafiya lau daga ƙirji, ya iso maƙogwaro, ya ja burki. Sai ya ji kamar mahaifinsa yana zaune a kan buzu a gefe yana kallonsa. Mutumin da yake ɗaga tayar babbar mota shi kaɗai, ga shi harafi biyar sun gagare shi, har wani abokin aikinsa ɗan Meksiko ya tambaye shi ko haƙori ne yake damunsa.

Ranar Asabar da hantsi suka kama hanyar Pleasant Garden. Salwa ta riga su tafiya da kayan aiki. Bebi ta cika kula da dafa-duka, ga jarkar zoɓo, don ta ce ko a fim ne ba za ta je gidan surukai hannu biyu ba. Da suka bar gari sai gidaje suka fara nisa da juna, kowanne da fili shimfiɗe da ciyawa, ba ka ganin mutum ɗaya a ƙafa. Malam Iliyasu ya ce wannan filin da a gida ne da tuni an shuka masara. Daga nan ya koma jujjuya layinsa a zuci.

Mahaifin Eli, Mista Wendell, dogo ne siriri, rana ta gasa masa wuya ya yi ja, da hular hana-salla a kansa. Ya tarye su a bakin mota ya miƙa hannu. Da hannayen suka haɗu kowa ya ji kaushin na ɗan'uwansa, sai suka ɗan ƙara riƙewa. Kafin a kai ga shiga baranda Malam Iliyasu ya riga ya zagaya a-kori-kurar mutumin, ya doki tayar baya da ƙafa, ya gaya masa gaskiya cewa wannan ba za ta kai hunturu ba.

Ashe shi ma Mista Wendell da nasa ƙorafin. Ya ce ɗansa ya so ya zaunar da shi a baranda da singileti, gwangwanin giya a hannu, bindiga a kan cinya, wai don masu kallo su gane irin gidan da sauri. "Ni dattijon coci ne," ya ce da Turancinsa mai jan baki. "Rabona da giya tun kafin a haifi yaron nan. Amma duk fim ɗin da za ka kunna, in dai mutum irina ne, to yana baranda da bindiga da kare, yana jiran wanda zai zaga." Ya ce ya gaya musu in dai sai ya riƙe wani abu, to kwandon tumatir ɗin lambunsa zai riƙe.

Malam Iliyasu ya ji wani daɗi ya ratsa shi. Ya juya ya ce wa Bebi da Hausa, "Ashe su ma ana yi musu."

Mai riƙe da kyamara ƙawar Salwa ce, Nanven, 'yar mutanen Jos, mai Hausa garau da dariya kusa. Ita ta nuna masa inda zai tsaya, ta ajiye ɗan dutse a ciyawa don kada ya wuce. Salwa da Eli suka zauna a matakalar baranda, Mista Wendell a bayansu da kwandonsa. Malam Iliyasu ya koma mota, ya gyara kwalar rigar aiki, ya yi bisimilla.

"Akshin!" in ji Nanven.

Ya fito da kyau, ya rufe ƙofa da kyau, ya wuce dutsen kamar bai taɓa ganinsa ba, ya je ya kama hannun Mista Wendell yana tambayarsa gida da iyali da aiki.

"Kat!" in ji Salwa. "Abba, a fim ɗin ba ka san shi ba. Kuma ranka a ɓace yake."

"Don raina ya ɓaci sai in shiga gidan mutum ba gaisuwa? Ke kika ce in nuna yadda ake yi."

Aka fassara wa Mista Wendell, ya ce shi ma duk wanda ya tako masa ciyawa bai gaishe shi ba, ba za su shirya ba. Dattawa biyu suka haɗe kai, dole darakta ta haƙura aka bar gaisuwar a ciki. Malam Iliyasu ya koma mota yana jin kansa, ya manta cewa babban aikin yana gaba.

Aka sake. Ya fito, ya gaisa, ya dawo kan dutsensa, ya dubi 'yarsa, ya buɗe baki.

"Ke, zo mu tafi gida."

"Kat."

Aka sake. "Yarinya, zo mu tafi gida."

"Kat. Abba, sunan."

Aka sake. Wannan karon ya cika ƙirji da iska, kowa ya sa rai, sai ga shi ya ce, "Yayar Muzammil..."

Kyamara ta girgiza a kafaɗar Nanven. "Baba, ai babu Muzammil a fim ɗin nan," ta ce tana share hawayen dariya. Bebi kam ta juya baya tana kallon lambun tumatir, kafaɗunta suna rawa. Eli, yaro mai ladabi, ya cije leɓe ya ƙura wa takalminsa ido. Duk wurin mutum biyu ne ba su yi dariya ba, uban da 'yar.

Aka yi ta yi. Wani karon tari ya sarƙe shi, wani karon ya ce ƙuda ne ya shige masa baki, wani karon ya faɗi layin ba farkonsa, da fatan ba za a lura ba. Gumi ya jiƙa masa rigar aiki. Da rana ta take tsaka Salwa ta ce a huta da wannan, za su ɗauki wata fitowar ita da Eli a bayan a-kori-kura, in ya so a dawo masa daga baya. Ta faɗa ne a sanyaye, ba ta dube shi ba.

Bebi ta buɗe kula. Dattawan suka zauna a inuwar wata babbar bishiya da faranti a cinya. Mista Wendell ya kai loma, ya yi ja har kunne saboda yaji, ya sha zoɓo, ya sake kai wata. Can ya tambaya a hankali, cikin ladabi, me ya sa sunan yake ba shi wahala, ko wani abu ne na addini.

Malam Iliyasu ya ce ba addini ba ne. Ya lalubi kalmar kunya a Turancinsa na shagon taya, duk wadda ya ɗauko sai ya ga ta yi ƙarama. Ya ce girmamawa ce. Ya ce abin da ya fi maka daraja ba ka yawo da shi a baki. Mista Wendell ya gyaɗa kai kamar ya gane rabi. Ya ce su a gidansu akasin haka ne, idan ka ji ya kira Eli da cikakken sunansa, to yaron ya fasa wani abu ne. Suka yi dariya.

"Amma ta sani ko?" in ji Mista Wendell. "Ta san abin da kake nufi?"

"Ta sani mana," in ji Malam Iliyasu. "Ai Bahaushiya ce."

Bai rufe baki ba Nanven ta ce a yi shiru za a ɗauka. Motar ba ta da nisa da bishiyar, ana jin komai. Salwa da Eli suna zaune a bakin bodi, ƙafafu suna lilo, da tazarar da Malam Iliyasu ya auna da ido ya ga ta wadatar. Eli ya faɗi nasa layin, yana tambayarta me ya sa take ɗari-ɗari da babanta, ko mafaɗaci ne.

Salwa ta amsa da Turanci, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ba ya faɗa. Bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ko me na nema zai yi mini. Amma ni ban san yadda sunana yake a bakin babana ba." Ta ɗan tsaya. "Ranar da muka gama sakandare an ba ni kyauta. Aka kira sunana a lasifika, duk iyaye suna ihu, wasu ma ba su san ni ba. Na juya ina nemansa, na gan shi ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Na san al'ada ce, Mama ta yi mini bayani tun ina ƙarama. Na sani. Sanin bai hana ni shiga banɗakin makaranta in yi kuka ba."

Lomar da ke hannun Malam Iliyasu ba ta isa baki ba. Ya tuna ranar sarai. Ya tuna yadda ƙirjinsa ya cika har ya ji kamar maɓallin rigarsa zai ɓalle, ya tuna ya sunkuya ne don kada jama'a su ga idonsa, kada a ce ga wani can yana rawar kai a kan 'yar fari. A rayuwarsa bai taɓa jin alfahari irin na ranar ba, ashe ita abin da ta kwasa daga wurin ke nan. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ga wata irin kunya da ta rufe shi, ba irin wadda ya gada ba.

Bebi ta zo ɗaukar faranti, ta rage murya ta ce, "Ka dai ji."

"Ai fim ne," ya ce, muryar ba ƙarfi.

"Malam, ranar nan ni da kai muna zaune kujera ɗaya. Takalmin ma na san shi, ni na goge maka."

Ya miƙa mata farantin. Mista Wendell, da bai ji Hausar ba amma ya ji Turancin, ya miƙe ya ce bari ya duba wani famfo a bayan gida. Kowa ya san famfon mai gyaran famfo lafiyarsa ƙalau.

Bayan la'asar Nanven ta ce haske ya fara gudu, in za a yi a yi yanzu. Kowa ya koma wurinsa. Malam Iliyasu ya zauna a mota ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya ce wa kansa yau ko ana ha-maza-ha-mata sai sunan nan ya fita. Aka ce akshin. Ya fito, ya gaisa a gurguje, ya tsaya a kan dutse. Ya dubi 'yarsa a matakala, da ɗan mayafinta ruwan toka, ta ɗago tana jira. Yanzu ya san ba darakta ce take jira ba.

Ya buɗe baki. Leɓunansa suka motsa. Ko iska ba ta fito ba.

Ba wanda ya yi dariya wannan karon. Sannan Salwa ta sauke numfashi, ta miƙe tana kakkaɓe siket.

"Bar shi, Nanven," ta ce. "Mun samu bakinsa yana motsi, ya isa. Zan kai Alhaji Garzali sutudiyo ya faɗi sunan, sai mu ɗora muryar a kai. Ba wanda zai gane."

"Wa?" in ji Malam Iliyasu.

"Alhaji Garzali. Muryarku ta ɗan yi kama."

Alhaji Garzali mai sayar da tsofaffin motoci ne a Gate City Boulevard, mutumin kirki, tare suke sallar Juma'a, amma a wannan lokacin da zai ɓullo da sai an shiga tsakani. Wato a ɗauki fuskarsa shi Iliyasu, a buɗe bakinsa, a zuba muryar wani ƙato a ciki yana kiran 'yarsa, kuma haka abin zai zauna har jikoki su gani.

"Garzali ya haife ki ne?" ya ce.

Ya bar dutsen ya nufe ta. Nanven ta buɗe baki za ta ce ya fita daga layi, Bebi ta dafa mata kafaɗa, sai ta yi shiru ta bi shi da kyamara. Eli ya zame daga matakala ya koma wajen babansa.

Malam Iliyasu ya tsaya a gabanta. Bai iya kallon idonta ba, sai ya kalli gefen mayafin.

"Kin ce ba ki san yadda yake a bakina ba," ya ce da Hausa, a hankali, don ta bi shi. "Gaskiya ne ba ki sani ba. Amma na taɓa faɗa. A gida, idan an yi haihuwa, kakan yaro ne ko wani dattijo yake yi masa huɗuba a kunne. A nan aka haife ki, lokacin ba mu san kowa ba, ba tsohona, ba kawu, ba liman. Nas ta naɗe ki a tawul ta miƙo mini, ta tafi ta bar ni. Na duba hagu na duba dama, ba wanda zan miƙa wa. Sai na yi miki kiran salla a kunnen dama, na yi iƙama a na hagu, sannan na faɗa miki sunanki. Ni na zaɓe shi. Uwarki ma barci take, ba ta ji ba. Duk duniyar nan a bakina aka fara jin sa."

Salwa ba ta motsa ba. Idonta ya ciko.

"Ni ban iya kwaɗa shi a fili ba," ya ce. "Na gwada a mota, na gwada a shago, kin ga yau ma. Ba don ba na so ba ne. Wallahi ba don haka ba ne." Ya share tafin hannunsa a jikin rigar aiki. "Kawo kunnenki."

Ta matso. Ta yi tsawo yanzu, ba sai ya sunkuya sosai ba. Ya kare bakinsa da hannu, ya kai shi daidai kunnenta na dama ta saman mayafi, ya faɗa. Daga inda Bebi take tsaye ba ta ga komai ba sai motsin gemunsa, da yadda kafaɗun yarinyar suka sauka gaba ɗaya. Da ya ɗago bai ja baya ba, sai ya sake komawa ya ƙara faɗa, tunda hanya ta buɗe.

Mista Wendell ya cire hularsa, ya rasa abin da zai yi da ita, ya saka ta cikin kwandon tumatir.

Nanven ta zare abin jin sauti daga kunnenta, ta duba na'urar, ta ja hanci. "Hoton ya yi kyau sosai," ta ce. "Amma makirufo bai ɗauki komai ba, ko kaɗan. Baba, ko za ka daure ka sake, in matso da shi kusa?"

Malam Iliyasu ya dubi 'yarsa. A ransa ya riga ya yarda, in ta ce a sake zai sake, ko da makirufon a cikin bakinsa za a sa.

Salwa ta girgiza kai. Ta sa tafin hannu ta rufe kunnen, hawaye yana bin kuncinta, tana dariya.

"Ba za a sake ba," ta ce. "Ni aka gaya wa, kuma na ji."